Kolajin da ke cikin kwalba ba ya shiga fata, a daina cutar mata

Duk mai shagon da ya miƙa wa mace kwalbar man shafawa ya ce mata kolajin da ke ciki zai ratsa fatarta ya goge tamoji, ya ci kuɗinta a kan ƙarya. Ko ya sani ko bai sani ba, ƙarya ce, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana maimaita ta a shagunan kayan kwalliya, da gidajen gyaran amare, da bakin 'yan tallan TikTok da Instagram. "Hajiya, wannan mai kolajin ne, shi ake yayi, sati biyu ki dawo yarinya." Sai Hajiya ta buɗe jaka ta zube kuɗin da za su yi cefanen gida na kwanaki.

Kolajin dai abu ne na gaske, babu mai musun haka. Furotin ne da ya fi kowane yawa a jikin ɗan Adam, kusan kashi 30 cikin ɗari na duk furotin da ke jiki. Shi ke riƙe da fata da jijiyoyi da guringuntsi da ƙashi. A fata, mazauninsa can ƙasa ne, a shimfiɗa ta biyu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke saƙa shi zare-zare. Da mutum ya manyanta yakan riƙa raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari kowace shekara, mace kuma in ta daina al'ada raguwar takan yi sauri sosai a shekarun farko. Wannan gaskiyar ce 'yan kasuwa suka ɗauka suka gina ƙaryarsu a kanta: tunda yana raguwa, sai a saya a shafa a mayar da shi.

To ta ina zai shiga? Allah ya halicci saman fata ne don ya tare abin da ke waje. A shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu, Bos da Meinardi, suka wallafa ƙa'idar da masana ke aiki da ita har yau: sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Ƙwayar kolajin guda ɗaya ta kai dalton 300,000. Ta ninka iyakar sau ɗari shida. Ki shafa da safe, ki shafa da dare, ki murza har hannu ya gaji, a sama zai tsaya, ruwan wanka ya tafi da shi.

Za a ce ai wasu sun shafa sun ga fatarsu ta yi laushi. Ƙwarai kuwa. Kolajin yana riƙe danshi, yana yin 'yar shimfiɗa a saman fata, sai ta yi santsi, ƙananan layuka su ɗan ɓuya na wasu sa'o'i. Aikin da gilisarin ke yi ke nan, man kaɗanya da basilin ma suna hana fata bushewa a tsakiyar hunturu, kuma babu mai sayar da su da tsadar hauka. Da a ce kamfanonin sun rubuta "mai sa laushi" a jikin kwalbar sun tsaya nan, da ban ɗaga alƙalami ba.

Da masana suka fara tona musu asiri, sai suka sake dabara. Yanzu cewa suke an farfasa kolajin ɗin ya zama ƙanana, don haka zai shige. Yawancin gutsattsarin nan har yanzu suna da nauyin dalton dubbai, sun fi ƙarfin ƙofar. Ko da wani ɓurɓushi ya samu ya kutsa, ba zai je ya manne da zaren da ke ƙasa ya zama sabuwar fata ba. Wanda ya watsa garin bulo a jikin katanga bai gyara tsagewar da ke cikinta ba. Kolajin na sha kuma, wanda ake damawa a shayi, ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da ganda da ƙafar saniya, jiki ya raba abin da ya samu inda ya ga buƙata. Akwai gwaje-gwajen da suka ce yana ɗan taimaka wa fata, amma a 2025 wasu masana daga Koriya ta Kudu sun tattara gwaje-gwaje 23 suka tace su, sai suka ga amfanin ya ɓace a waɗanda ba kamfanoni ne suka ɗauki nauyinsu ba.

Akwai kuma tambayar da ba a son a yi. Daga ina aka samo shi? Kolajin na kasuwa daga fatar shanu ake cirowa, ko fata da ɓawon kifi, ko fatar alade. Kwalabe da yawa ba sa faɗin wanne ne. Hukuncin wannan na malamai ne, amma Musulmar da za ta shafa abu ta tsaya salla tana da haƙƙin a gaya mata abin da ke jikinta, ta yanke wa kanta shawara. Ɓoye mata cin amana ne.

Duk wannan asarar kuɗi ce, kuɗi kuwa ana mayarwa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ake ɓoyewa a bayan sunan kolajin. Masu haɗa mai a cikin ɗaki, waɗanda ke zuba shi a roba marar lamba su liƙa takarda, sun gane cewa mata sun fara tsoron kalmar bilicin. Sai suka koma kiran hajarsu man kolajin, ko man ƙarin haske. A cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ake samun haidurokwinon, wani lokaci har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, da kuma maganin sitiroyid mai ƙarfi irin su clobetasol, wanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don cutar fata. Shi sitiroyid, in aka daɗe ana shafa shi, yana hana fata ƙera nata kolajin ɗin. Ku dubi hannun wadda ta shekara tana shafa irin wannan. Fatar ta yi sirara har korayen jijiyoyi sun fito fili, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, ga jan nankarwa mai faɗi a damtse da cinya, ƙaramin ƙwarzane sai ya ƙi warkewa. Ta biya kuɗi don a ƙara mata kolajin, an cinye wanda Allah ya ba ta. Nankarwar nan ba ta gogewa gaba ɗaya. Wane irin rashin imani ne zai sa mutum ya yi wa 'yar'uwarsa haka saboda riba?

Abubuwan da aka tabbatar suna kare kolajin ba su da kwalba mai ruwan zinare. Hasken rana ne babban mai karya shi, taba sigari na biye. A Ostireliya an bi mutum sama da 900 tsawon shekara huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2013, fatar masu shafa man kariya daga rana kullum ba ta nuna ƙarin tsufa ba. Baƙar fatarmu tana da kariyarta ta halitta, wadda bilicin ke kankarewa. Jiki ba ya iya saƙa kolajin sai da bitamin C, ga shi nan a gwaiba da lemo da 'ya'yan kukar da muke miya da garin ganyenta. Tretinoin, dangin bitamin A, yana sa fata ta ƙera sabon kolajin, amma magani ne na likita, kuma mai ciki ba ta amfani da shi.

A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Madalla, amma robobin nan suna nan jere a kasuwa, sunansu kawai aka sauya. A shiga shagunan a ɗebi samfuri a gwada, a bayyana wa jama'a da Hausa a rediyo sunan duk man da aka samu da sitiroyid, a tilasta rubuta dabbar da aka ciro kolajin daga jikinta, a hukunta mai tallan da ya yi alkawarin abin da mai ba zai iya ba. Ke kuma 'yar'uwa da kika daɗe kina shafa haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba, kada ki yanke shi dare ɗaya, don fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore da ƙuraje da zafi. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, ya tsara miki yadda za ki janye a hankali.