Kirarin Uwa Ba Ya Sauke Mata Kaya

Duk wanda ya zauna a Aboabo ko Asawase lokacin da Adom TV ke nuna Kumkum Bhagya da yaren Asante ya san yadda iyayenmu mata ke barin tukunya a wuta su zuba wa talabijin ido. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a finafinan Indiya shi ne, ƙato da gemunsa sai ya sunkuya ya taɓa ƙafar mahaifiyarsa kafin ya fita. Daga addininsu abin ya samo asali.

A tsohon littafinsu Taittiriya Upanishad, in malami zai sallami ɗalibi, uwa yake fara ambata cikin waɗanda za a girmama, kafin uba da malami. Kowace shekara suna bikin Navaratri, dare tara, don Durga da suke kira uwa. Kogin Ganga ma uwa suke ce masa. Kuma ba nesa suke ba: a Odorkor, cikin Accra, akwai Hindu Monastery of Africa, wanda ɗan Ghana, Swami Ghanananda, ya kafa a 1975.

Mu dai Allah kaɗai muke bauta wa, wannan ba gardama. Amma akwai darasi. Indiyar nan sai a 1829 aka haramta ƙona mace tare da gawar mijinta. A 1961 aka hana karɓar dukiyar aure daga dangin amarya, amma har gobe ana kashe amare a kanta. Ashe kirari bai isa ya kāre mace ba.

To, mu fa? Muna zaune cikin Asantawa, inda Asantehemaa ke gabatar da wanda zai hau karaga, inda Yaa Asantewaa ta ja yaƙi a 1900. A masallatanmu kullum ana wa'azin haƙƙin uwa. Amma je ka Kejetia da rana tsaka, ka ga kayayo da goyo a baya, kaya a kai. Ita ba uwa ba ce?

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. A sabunta wa tsohuwa katin NHIS. A ba mata gadonsu cikakke. A bar yarinya ta gama makaranta kafin maganar aure. Wanda bai yi waɗannan ba, ya rage mana kirarin.