Zumunta a Ƙafa Take

Ɗan'uwa mai karatu, wane gida ne a nan Alakoss ba shi da nasa a nesa? Wani ɗansa na Kano. Wata ƙanwarta na aure a Yamai. Wani kuma baffansa ya tafi Makka tun da daɗewa, ya zauna can har ya ga jikoki. Mukan gaisa da su ta salula, mu ce mun sada zumunci. Ni dai a ganina wannan bai isa ba. Murya ba ta nuna maka ramar tsoho. Mai rashin lafiya ma yakan ce maka "lafiya lau" don kada hankalinka ya tashi. Sai ka je ka gani da idonka.

Kakanninmu sun yi tafiyar Gabas a ƙafa, da jakai da raƙuma. Sukan bi ta Cadi su shiga Sudan, suna noma a hanya don su samu guzuri. Wasu sai bayan shekaru suke komowa. Wasu sun yada zango a Sudan, zuriyarsu na can har yau. To, dubi yadda wannan tafiya ta koma ta yini guda.

Ka ce mutum zai ziyarci baffansa a Madina. Jirgin sama ya ɗauke shi daga Kano da safe. Cikin awa 5, ko ƙasa da haka, ya sauka Jidda. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, saboda haka sai ya gyara nasa. A filin jirgin Jidda akwai tashar jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018. Hanyarsa ta haɗa Makka da Madina, kilomita 450, kuma gudunsa yakan kai kilomita 300 a awa. Wajen awa 2 sai ga shi a Madina. Wanda ya karya kumallo a Kano zai ci abincin dare da danginsa.

Amma fa jirgi ba motar kasuwa ba ne. Motar kasuwa sai ta cika take tashi, direba ma yakan jira ka in ya san ka. Jirgi lokaci yake bi. In ka makara, an bar ka, kuma sau da yawa kuɗin tikiti sun tafi. Don haka ka riƙe waɗannan:

1. Ka isa filin jirgi da awa 3 kafin lokacin tashi.
2. Ka duba lokacin da ke kan tikiti. In an rubuta 14:30, ƙarfe 2 da rabi ne na rana. In an rubuta 02:30, na dare ne.
3. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi.
4. Fasfo da biza da katin rigakafi su zauna a jikinka, kada ka sa su cikin buhu.
5. Ana auna kaya. Abin da ya wuce ƙa'ida sai ka biya. Kafin ka ɗaure goro ko kilishi na tsaraba, ka tambaya ko an yarda a shiga da su.
6. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko da mai shi ya rantse. In aka samu ƙwaya a ciki, kai za a ɗaure.

Na san abin da za ka ce: "Malam, ina talaka ya ga kuɗin jirgi?" Gaskiyarka. Ba na cewa ka sayar da gona ko shanun huɗa don ziyara. Wanda ya yi haka ya je ya ga dangi, ya komo ya zame musu kaya. Amma dangi goma suna iya yin adashi su tura mutum ɗaya, ya kai gaisuwar kowa. Kuma kada ƙarancin kuɗi ya sa ka bi ɓarauniyar hanya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a sahara, arewa da Arlit. Yawancinsu mata ne da yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

Mu a Nijar har yanzu jirgin ƙasa ba ya jigilar matafiya. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai yi aiki ba. A 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Alhali jirgi ya isa Kano tun 1911, ya isa Nguru a 1930. Mu kuwa, wahalarmu a bakin ƙofa take: rairayi, da jiran motar ranar kasuwa, kafin mu taka kwalta mu kama hanyar Damagaram. Wanda ya yi niyyar jirgi, sai ya bar gida da kwana biyu ko uku a hannu.

Galibin danginmu ma ba sa bukatar jirgi. Suna Gure, suna Damagaram, suna Kano. Kuɗin mota kawai ke tsakaninmu da su, da kuma niyya. In an gama girbi, an kai hatsi rumbu, ka zauna da mai ɗakinka ku lissafa waɗanda kuka daɗe ba ku gani ba. Ku fara da wanda ya fi tsufa.