Bargo Ba Ya Maganin Ciwon Haƙarƙari

Da zarar hunturu ya kama, sanyi ya fara gangarowa daga Dutsen Kagoro, sai 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu su shiga aika wa iyaye bargo da rigar sanyi. Wannan abin yabo ne. Amma bargo ba ya maganin ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya.

Jama'a da yawa sun ɗauka sanyi ne ke shiga ƙirjin tsoho ya kayar da shi. Alhali ƙwayoyin cuta ne, ciki har da waɗanda ake kira bakteriya, babbarsu kuwa ita ce nimokokas. Takan zauna a hanci da maƙogwaron mai lafiya, musamman yara, ba ta dami kowa ba. Sai ƙurar hunturu, ko mura, ko hayaƙin itace a rufaffen ɗaki ya raunana hanyar numfashi, sa'an nan ta gangara huhu, ya cika da ruwa da mugunya. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka nuna ita ce kan gaba wajen kwantar da manya da wannan ciwo a Arewa. Akwai kuma sitafilokokas mai bin bayan mura, da kilebsiyela wadda ta fi kama masu ciwon sukari da mashaya.

Babban haɗarin shi ne, ba lalle ba ne jikin tsoho ya yi zafi. Sai dai ya ƙi abinci, numfashinsa ya yi sauri, ya ruɗe yana sambatu. A nan ne ake cewa ai tsufa ne, ko jifa ce, a sayo kafso biyu a kemis. Kafso biyu kuwa ba sa kashe ƙwayar, taurin kai suke koya mata.

Tun Disamba 2014 Nijeriya ta soma yi wa jarirai allurar rigakafin nimokokas, amma tsofaffi ba sa cikin tsarin. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta waiwaye su.

Kafin nan, duk mai shirin zuwa gida bikin Afan na 1 ga Janairu ya ware kuɗin mota da na magani, ya damƙa wa mai kula da tsohon bisa sharaɗi: ranar da numfashi ya sauya, a kai shi babban asibitin Kafanchan, kada a tsaya jiran waya daga Ikko.