Akwatin ajiyarku bai mutu ba, an canza masa unguwa ne

1/ Jama'a ku matso, yau da magana. Ranar Asabar saura ƙiris a goge hotuna da bidiyon bikin mutane na shekara uku a shagon ɗaukar hoto na kawuna. Dalili? An canza rauta. Shi ke nan fa. Zare ne, ku bi ni a hankali 🧵

2/ Shagon yana da NAS, wato ƙaramin akwati mai faifan ajiya biyu da ake jonawa da rauta, duk kwamfutocin shago su riƙa ajiye aiki a ciki. Da aka kawo wuta da ƙarfi tsohuwar rautar ta ƙone, aka sayo sabuwa. Intanet ya dawo, akwati ya ɓace.

3/ Ga amarya ta aiko ƙaninta karɓar bidiyon kamu. Aka kira wani mai gyara, ya duba minti biyar ya ce faifan sun tafi, sai dai a yi fomatin a fara daga farko. Kawu ya kira ni: "Kai ɗan jami'a, zo ka gani kafin a yi aika-aika."

4/ Na ce, "Kawu, don Allah kada kowa ya taɓa komai sai na iso." Da na je, fitilun faifan biyu kore shar, fanka tana juyawa, fitilar bakin kebul tana ƙyaftawa. Na'urar da faifanta suka mutu yawanci takan nuna ruwan ɗorawa ko ja, wata har ƙara take yi.

5/ Ga ra'ayina, kuma a kansa na tsaya: yawancin "NAS ya ɓace" a ƙananan shagunanmu matsalar adireshi ce, kuma tushenta rashin rubutu. Wanda ya saita ya tafi da komai a kansa. Ranar da abu ya tsaya sai a kama lalube a duhu.

6/ Kowace na'ura a kan hanyar sadarwa tana da adireshin IP, kamar lambar gida. Lambobi ukun farko su ne unguwa, ta ƙarshe ita ce gida, muddin abin da ke raba unguwannin 255.255.255.0 ne, kamar yadda yake a kusan kowane shago.

7/ Tsohuwar rautar tana raba 192.168.1.x, sabuwar kuma 192.168.8.x. Kwamfutoci sun karɓi sabon adireshi da kansu ta DHCP. Shi kuwa akwatin an kafe masa 192.168.1.50 da hannu tun farko. Kowa ya yi ƙaura, an bar shi shi kaɗai a tsohuwar unguwa.

8/ Ta ina na san lambar? Babu takarda, wanda ya saita kuma ya bar gari. A kwamfutar mai tace bidiyo na gan ta, jikin foldar da ta yi jan gicciye, an rubuta adireshin a gefen sunanta. Wallahi da an goge wannan foldar da mun ƙara shan wahala.

9/ Na zare kebul ɗin akwatin daga rauta na soka kai tsaye a laftof ɗina. Na ba laftof ɗin 192.168.1.20 da hannu, na buga ping 192.168.1.50. Sai ga amsa tana zubowa. Na buɗe burauza, shafin shiga ya fito. Kawu sai hamdala yake yi.

10/ Sa'ar da muka ci, Kawu yana riƙe da kalmar sirri. Na mayar da akwatin kan DHCP, na jona shi da sabuwar rauta, sannan a cikin rautar na keɓe masa lamba ɗaya da ba za ta riƙa sauyawa ba. Minti ashirin, ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba.

11/ In ya same ku, ku bi wannan tsari, daga mai arha zuwa mai haɗari:
a) fitila da kebul, a gwada wani kebul da wani rami
b) adireshin kwamfutarku da na akwatin, unguwa ɗaya suke?
c) ping
d) manhajar nema ta kamfanin
e) risetin, can a ƙarshe

12/ Manhajar nema: masu Synology suna da Synology Assistant, masu QNAP kuma Qfinder Pro. Sukan zaƙulo akwatin ko da adireshinsa ya saɓa da naku, in dai rauta ɗaya kuke. Shafin shigan Synology yana kan 5000 ko 5001, na QNAP kan 8080, sai in an canza.

13/ In ka ga adireshi ya fara da 169.254, na'urar ce ke gaya maka ta nemi mai raba adireshi ba ta samu ba, ta laƙa wa kanta. To a nan rauta za ka tuhuma, ko kebul. Bar faifai su huta.

14/ Batun risetin, a kula sosai. A Synology, riƙe ɗan maɓallin baya kamar daƙiƙa 4 har ya yi ƙara ɗaya yana mayar da saitin sadarwa da asusun shugaba ne, fayiloli na nan. In ka saki ka sake dannawa nan take, ka shiga mataki na biyu, sai an sake ɗora manhajar akwatin.

15/ A QNAP daƙiƙa 3 ne ƙaramin, daƙiƙa 10 kuma yana share saituna har da asusun ma'aikata. Shi ya sa nake jin haushin masu zuwa da tsinke a hannu kafin su yi tambaya ko ɗaya. Gaggawa aikin shaiɗan ce, balle a kan amanar mutane.

16/ Wani zai ce, "Malam ai ping yana amsawa amma folda ta ƙi buɗewa." In akwatin tsoho ne, ƙila da SMB1 kaɗai yake magana, Windows 10 kuma ya daina zuwa da shi a kunne tun 2017. Ta ƙofar nan WannaCry ya yi ɓarna a Mayun shekarar. Ɗaga akwatin zuwa SMB2 ko 3.

17/ Na san masu cewa a kafe adireshi da hannu ya fi tabbas. A babban kamfani mai ma'aikacin sadarwa da kundi, na yarda. A shagon da rauta ke ƙonewa duk sanda wuta ta yi hauka kuwa, keɓewa a cikin rauta ta fi. An canza rauta, akwati ya bi ayari, sai dai a nemo sabuwar lambarsa.

18/ Sai masu cewa, "Ku zuba komai a Google Drive mana." Bidiyon biki ɗaya kan cinye gigabait da yawa, ku lissafa kuɗin data da awannin jira. Yana da kyau a matsayin kwafi na daban, amma mai tace bidiyo ba zai yi aikin yini a kansa ba.

19/ Kuma don Allah kada neman sauƙi ya sa ku buɗe akwatin ga duk duniya ta rauta. A Janairun 2022 DeadBolt ya kulle fayilolin dubban akwatunan NAS da ke buɗe a intanet, aka nemi fansa da Bitcoin. Mai son shiga daga gida ya bi ta VPN.

20/ Faifai biyu masu kwafin juna ma ba su isa ba. In ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe, gaskiya ne. Amma in an goge, an goge a duka biyun. Da mai gyaran nan ya yi fomatin, duk tare za su tafi. A samu faifan waje, a ajiye shi a gida.

21/ Kafin in tafi na sa Kawu ya kawo littafi. Muka rubuta sunan akwatin, adireshinsa, adireshin rauta, da ranar da aka saita. Kalmar sirri kuma a ambulan, cikin durowa mai makulli. Na ce a sayi UPS kafin a sayi sabon gilashin kyamara. Ya yi dariya, amma ya saya.

22/ Mu 'yan kwamfuta masu zuwa SIWES, wannan namu ne. Ka saita abu ka tafi ba ka bar rubutu ba, kana ganin dole a neme ka. Ranar da wayarka ke kashe fa? Bikin wata baiwar Allah ne zai salwanta, kuma ba a maimaita kamu.

23/ Masu shago kuma, gobe da safe ku tambayi mai kula muku da kwamfuta: mene ne adireshin akwatinmu, kuma ina aka rubuta shi? In ya fara sosa ƙeya, ku miƙa masa biro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lacca in sha Allah.