Zancen Malam: Tsohuwar Ganga Ba Itacen Wuta Ba Ce

Yau zancenmu a kan gangunan Turawa ne, watau jerin nan da mutum guda ke kaɗawa a zaune, hannu da ƙafa, irin na 'yan Tempos, ƙungiyar E.T. Mensah ta Ankara, wajen 1950.

Wanda ya sami irinsu cikin kayan gado ko na gwanjo, kada ya yi garajen sayar wa masu awon tsohon ƙarfe. Ya duba kangon tukuna. In bai tsage ba, gara ba ta ci ba, to, saura duk mai gyaruwa ne.

A kwance notuna, a jiƙa su cikin kananzir, tsatsa ta fita. Kafin fatar roba ta yaɗu daga Amurka a 1957, da fatar maraƙi ake rufe su, majemanmu kuwa sun san aikinta. A jiƙa fatar, a ɗora, ta bushe a inuwa. Sa'an nan a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, kowane da wanda ke fuskantarsa, kada ta yage. Da damina takan saki, sai a ƙara ɗauri. Da hunturu a sassauta.

Mai kaɗawa kuma ya tuna maƙwabta na barci. Wassalam.