Daga Bakin Kakanni: Asalin Kalmar Agashe

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa wajen masu tukuba. Daga Rufa'a har Wad Madani da Khartum babu wanda bai san agashe ba, amma da yawa cikin 'ya'yanmu sun ɗauka Larabci ne. To, kalmarmu ce, tushenta "gasa". Bahaushe kan ce nama "a gashe" yake, kamar yadda tulun da aka fasa yake "a fashe". Maƙwabtanmu suka haɗe kalmomin biyu suka mai da su suna guda.

A Kano tsire ake ce masa, mai garin ƙuli da yaji. Sana'ar ta biyo mutanenmu ne: mahajjata masu tafiyar ƙasa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da masu aikin auduga bayan kammala madatsar Sinnar a 1925.

Yaron da bai ji Hausa ba zai ci tsiren kakansa yana zaton na aro ne. Iyaye, mu riƙa yi musu Hausa a gida. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai godo-godo.