MAJINYACI MA YANA DA BAKI

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk wanda ya taɓa yin sammako daga Tudun Wada domin ya kama layi a asibiti ya san ganin likita aiki ne ja. To amma bayan mun fito, wa yake tambayarmu ko mun gamsu?

A shekarar 2010 waɗansu likitoci sun buga sakamakon irin wannan tambaya da suka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kashi 83 cikin ɗari na majinyatan sun ce sun gamsu, amma kashi 30 sun koka da daɗewar jira, kashi 27 kuma da tsadar jinya.

Mun yaba da wannan ƙoƙari. Sai dai mun san halinmu. Mutum yana nishi, a tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Wanda gobe zai koma gaban likitan nan, da wuya ya ce bai gamsu ba. Saboda haka tambayar "ka gamsu?" ba ta isa ba. A tambaye shi: Likita ya bar ka ka gama bayani? Ya gaya maka ciwonka da harshen da kake ji? Ka san yadda za ka sha maganin?

Wannan ya fi shafar likitan iyali, domin shi ne ƙofar farko. Mai hawan jini da bai fahimci bayani ba yakan daina shan magani da zarar ya ji dama, daga baya a dawo da shi ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye.

Gwamnati ta kafa SERVICOM a 2004 domin karɓar koke, ta kuma ƙaddamar da takardar haƙƙin majinyata a 2018. Amma takarda ba ta magana, sai mu.

A cikin Markus sura 10, Yesu ya ga Bartimawas makaho ne, duk da haka sai da ya tambaye shi bukatarsa kafin ya warkar da shi. Zumuntar mata da dattawa masu ziyarar marasa lafiya su riƙa yin waɗannan tambayoyi a gida, inda ba tsoro, a tattara amsoshin a kai wa hukumar asibiti cikin ladabi. Mu kuma yi wa likitocinmu addu'a, gama ba su da yawa, layin kuwa dogo ne.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.